Akwatin Da Ke Cewa Ƙas-Ƙas

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da safe wai "Auta ina ci gaba?", na gani. Wata baiwar Allah har hoton wuƙa ta turo min. To ga shi, a mayar da wuƙa kicin. Ku kuma da kuka shigo yau, ni ce Auta. Shagon ɗinkin jakar makaranta gare mu, ni da Babanmu da Yayata, kuma wata uku ke nan ina haɗa injin da zai riƙa yanka mana bel ɗin goyon jaka daidai tsawo, don Baba ya huta da almakashi. Moto na nan, wuƙa na nan. Ƙwaƙwalwar injin ce ta rage, ɗan akwatin nan da ake kira fi-el-si, jiya kuma Baba ya biya kasuwa ya karɓo mana shi.

*

Ƙarfe tara na safe na ɗaure waya ta ƙarshe. Yaya ta tsayar da kekenta ta juyo da kujera. Baba na kan bencinsa, sandar awo a cinya, wadda yake auna bel da ita tun kafin a haife ni.

"Injiniya, in zai fashe ki faɗa min in ɗauke wayata," in ji Yaya.

"Bakinki dai za ki ɗauke."

Na yi bismilla, na danna gwaji a hankali.

Ƙas.

Ƙas.

Ƙas.

Moto ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Ni kuwa ƙarar ce ta tsayar da ni cak, domin akwatin da na zaɓa ba ya ƙara ko kaɗan.

Na ƙara gudu a kwamfuta. Ƙas-ƙas ya koma zzzz, moto ya yi rawar ɗari ya tsaya.

"Shi ke nan?" Yaya ta buɗe baki. "Wata ukun ke nan?"

Baba kuwa murmushi yake har kunne, yana kaɗa ƙafa.

"Kin ji abu mai rai ko? Mayar da shi yadda yake da farko, Auta, in ƙara ji."

Bari in yi muku bayani a gurguje, kar ku ce fushin banza nake shirin yi. Moton nan taku yake yi. Akwati ya aika masa bugun lantarki ɗaya, ya taka sau ɗaya. Kafin rolar da ke jan bel ta juya sau ɗaya sai an aika bugu dubu ɗaya da ɗari shida, bel ɗin goyo kuma juyi takwas ne. Akwatunan iri biyu ne, a ido ba ka bambanta su. Ɗaya tiransisto ne a cikinsa, shiru yake aiki, yana aika dubban bugu kafin ka ƙyafta ido. Ɗayan rile ne a cikinsa, wani ɗan ƙarfe mai buɗewa da rufewa, shi ne mai ƙas-ƙas. In ya yi ƙoƙari ya yi goma a daƙiƙa. Wato bel ɗaya minti ashirin da wani abu, alhali Baba da almakashi yana yanka talatin a wannan lokacin, yana hira.

Sati biyu na yi ina bincike kafin in zaɓi nawa. Akwai babba na manyan kamfanoni, kuɗinsa ya sayi keken ɗinki biyu, manhajar da ake tsara shi da ita kuma daban za ka saya. Akwai mai arahar gaske, tsirara ba murfi, wanda ƙurar zaren shagonmu za ta gama da shi a wata ɗaya. Na ɗauki na tsakiya: yana da murfi, yana da mafita biyu masu aika bugu da gudu, manhajarsa kyauta, wutar da yake ci daidai da ta direban moto, wato na'urar da ke tuƙa moton. Na nuna shi da yatsana a shago, a gaban Baba, aka ce a dawo bayan kwana huɗu.

Na suri waya na fita bakin ƙofa na kira mai shagon. Ba-Mayarwa muke ce masa, saboda allon "ba mayarwa" da ya kafa a saman kansa.

"Malam, wanne na ce a kawo min?"

"Injiniya, ko sallama babu?"

"Salamu alaikum. Wanne na ce a kawo min?"

"Wa alaikumus salam. Mai shiru kika ce, kuma shi na kawo, yana nan a kwalinsa. Babanki ne ya ce in ba shi mai magana."

"Mai me?"

"Mai magana, haka ya ce. Wallahi sau uku ina ce masa Baba wannan na kunna fanfo da fitila ne, ba ya tuƙa moto mai taku. Ya ce ke ce kika canza shawara. To ni in yi musu da dattijo?"

Kowa ya san fushina a kusa yake. Na dawo ciki kaina na hayaƙi. Yaya ta ga fuskata ta miƙe ta nufi teburin guga, wai ita ba ruwanta.

Na durƙusa a gaban bencin, amma muryata ta ƙi durƙusawa.

"Baba, ni na ce na canza shawara?"

Ya ɗauki bel ya ɗora a kan sanda kamar ba da shi nake ba.

"Wancan ba shi da nauyi. Na ɗaga su duka biyun, wannan ya fi shi ƙarko."

"Baba, ba buhun siminti muka je saya ba."

"Ya ma fi araha."

"Da kuɗin kwalin allura ɗaya!"

"To ba kuɗi ba ne?"

Yaya ta ƙunshe dariya a can. Na galla mata harara.

"Baba, sati biyu ban yi barcin kirki ba a kan zaɓen nan. In ba ka son injin ka faɗa min, in kwance shi in sayar da ƙarfen. Amma ka je ka ce ni na aiko?"

"Wa ya ce ba na so?" Ya ajiye almakashi. "Ni abin da zai yi aiki a shagona bai yi magana ba, ban yarda da shi ba. Keke na magana. Almakashi na magana. Shi wane ne da zai yi min shiru?"

"Ai yana nunawa da fitila! Kowanne bugu, kowacce waya, da 'yar fitilarta. Irin ta jikin wannan ɗin dai. Fitila ba ta isa ba?"

"Ta isa mana." Ya nuna akwatin da haɓa. "Ba ga ta nan ba? Koriya, tana ƙyaftawa. Ina gani sarai."

Na juya na kalli akwatin.

Babu fitila ko ɗaya a kunne.

Na kalli Yaya. Tana tsaye da filogin injina a hannu. Tun da ta je teburin ta zare shi ta sa dutsen guga.

 Fushin nan da na shigo da shi ban san inda ya bi ba.

Yaya ta matso a hankali.

"Baba... a kashe yake."

Ya daɗe yana shafa sandar. Sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To. Dutsen guga ya tona ni."

"Tun yaushe?" na ce.

"Idon hagu ya fi shekara. Na dama da rana ina ganin mutum, ina ganin ƙofa. Ƙananan abubuwa ne suka ƙaurace min."

"Amma kullum kana yanka, kuma ko sau ɗaya ban ga..."

Ya miƙo min sandar.

"Shafa bayanta."

Na shafa. Tsaga-tsaga ne ƙanana, an yi su da reza, a bayan kowanne zane. Ɗaya a wurin hannun jaka, biyu a wurin bel ɗin gefe, uku a wurin na goyo. Shekara guda muna zaune da shi a ɗaki ɗaya ban taɓa juya sandar nan ba.

"Ni da kake ce min in zura maka zare, wai kana koya min haƙuri?" in ji Yaya.

"Kin koya ai."

"Baba!"

"Jiya da na je shagon," ya ci gaba, "mutumin nan ya kunna mai shirun ya ce, Baba dubi yadda fitilu ke gudu. Na ce masha Allah. Ban ga komai ba. Da ya kunna ɗayan sai na ji ƙas. Na ce a raina, wannan dai zan iya zama kusa da shi in san abin da yake ciki. In kuka kawo wancan, ke kina kallon kwamfuta, Yayarki na kan keke, ni kuma ina yin me? Sai a ce Baba ka je gida ka huta. Ni ban iya hutawa ba, Auta. Ranar da ba a buɗe shago ma ciwon kai nake kwana da shi."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Wata uku ina cewa don Baba ya huta, don Baba ya huta, ban taɓa tambayarsa ko yana so ba.

"Umma ta sani?" Yaya ta tambaya.

"In babarku ta ji, gobe war haka ina kan tabarma da filo biyu, ta ɓoye min takalma. Kar wadda ta faɗa mata."

"Asibiti fa?"

"Za a je. A bar ni in ga... in ji injin nan tukuna."

Na goge idona da bakin ɗankwali, na miƙe na fara kwance wayoyi.

"Sa hularka, Baba. Kasuwa za mu."

*

Ba-Mayarwa na hango mu da kwali ya ɗaga yatsa yana nuna allonsa.

"Injiniya, kin iya karatu."

"Na iya. Shi ya sa na karanta takardar da ka rubuta min, mai shiru ka rubuta."

Ya karɓi akwatin ya kai hanci yana shinshinawa, ya duba sukurori ɗaya bayan ɗaya.

"An ɗaura masa waya."

"Minti biyar. Ko zafi bai yi ba."

"Minti biyar ma ai aure ne in an shafa fatiha."

Baba ya ja kujera ya zauna ba tare da an ba shi ba.

"Laifina ne, malam. Ka gargaɗe ni sau uku, na yi kunnen ƙashi. Jakar 'yarka da na gyara wa zif bara, tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Na ce maka ba mayarwa?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya kalli allo, ya kalli Baba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya fito da nawa.

"Don Allah kar ku faɗa wa kowa, sunana zai ɓaci."

Wannan karon sai da na buɗe kwalin na karanta jikin akwatin, na sa ya kunna shi a gabana. Shiru, sai fitilu. Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Ba ni rile guda ɗaya, ƙarami. Wanda ya fi kowanne ƙara."

"Ƙara? Mutane marar ƙara suke nema."

"Ni mai surutu nake so."

Ya zubo min guda biyar a kan kanta, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ya riƙa taɓa musu wuta ɗaya bayan ɗaya. Ƙis. Ƙis. Na uku ya ce ƘAS.

Baba ya ɗago kai.

"Wannan."

"Me zai kunna?" in ji Ba-Mayarwa.

"Babu."

"Rile a jona shi bai kunna komai ba? Yau na ga injiniya."

"Nawa ne dai?"

"Ɗauki. Ban san yadda zan rubuta shi a takarda ba."

*

Bayan azahar na gama ɗaurawa. Mafita mai gudu ta tafi wurin direban moto. Wata mafitar da ke zaune ba aiki na jona mata ɗan rilen, na ɗaure shi a jikin gwangwanin madara don ƙarar ta fito sosai. A kwamfuta na ƙara layi biyu kacal: duk juyin rola ɗaya, ya ce ƙas.

"Baba, ji nan. Juyi ɗaya, ƙas ɗaya. Uku hannun jaka ne. Biyar na gefe. Takwas na goyo."

"Saki in ji."

Yaya ta ɗaga dutsen guga sama. "Na rantse ban taɓa filogi ba."

Na danna.

Moto ya ja wata siririyar murya mai daɗi, bel ya miƙe ya tafi sumul. Ƙas, ƙas, ƙas, har takwas. Wuƙa mai zafi ta sauka. Bel ya faɗa kwando.

Baba ya laluba ya ɗauko, ya ɗora a kan sanda, babban yatsansa ya bi baya har tsaga uku. Bakin bel ɗin ya tsaya a kansu cif.

"Kai!" ya ce. "Kai, kai, kai!"

Yaya ta rangaɗa guɗa har mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na rasa inda zan sa kaina, sai na zauna a kan buhun soso ina dariya ni kaɗai.

"Gwada ni," in ji Baba. Ya juya mana baya yana fuskantar bango.

Na canza tsawo a ɓoye.

"Na gefe."

Na sake canzawa.

"Hannu. Auta, wannan ai wasan yara ne. Sa masa na goyo guda hamsin mu ga ƙarfinsa."

Na sa. Yaya ta koma kekenta tana 'yar waƙa. Ni ina kallon lamba na hawa a kwamfuta, goma, sha biyar, ashirin. Baba ya jingina da bango, ido a rufe, yatsansa na buga gwiwa tare da gwangwanin.

Can sai yatsan ya tsaya.

"Tsayar."

"Me ya faru?"

"Tsayar na ce. Na ashirin da bakwai bai cika ba."

Na tsayar. Na duba kwamfuta.

"Baba, ya cika. Ga shi a rubuce, juyi takwas. Kai ma takwas ka ji."

"Takwas na ji. Amma a na biyar moton ya yi tari."

"Tari kuma?"

"Muryarsa ta shaƙe, ta dawo. Ke dai ɗauko."

Yaya ta ce, "Injiniya, in Baba ya ci ki, ke za ki share shago sati guda."

Na ɗauko na saman kwandon, na ɗauko wanda ke ƙarƙashinsa, na haɗa bakinsu na ja.

Na saman ya gaza da faɗin yatsa biyu.

Na bi jikinsa da hannu, sai ga wani haɗi mai kauri, inda kamfani ya manna bakin bel biyu a cikin naɗin. Shi ne ya cije a rola, moto ya yi tuntuɓe ya rasa taku. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, moto mai taku ba ya kawo rahoto. Akwati aikawa kawai yake yi, bai san ko an taka ko ba a taka ba. Akwai na'urar da ke kama irin wannan, na gan ta lokacin bincike, na ga kuɗinta na rufe shafin. Da yanzu wannan bel ɗin ya shige cikin ɗinki, wata yarinya ta goya jaka a karkace shekara guda.

"Ya cika?" in ji Baba, har yanzu bai buɗe ido ba.

"Bai cika ba, Baba."

"Tsintsiya na bayan ƙofa," in ji Yaya.

Baba ya miƙe, ya kama bencinsa da hannu biyu. Na yi saurin tashi zan taya shi, ya ce in bari. Shi da kansa ya ja shi ƙiiii har gefen injin, daidai inda kunnensa na dama zai fuskanci moto, ya zauna ya gyara riga.

"Nan za a bar min shi. Kowa ya kama aikinsa, ni da wannan yaron mun fahimci juna." Ya dafa murfin akwatin. "Ko idon nan ya ƙarasa tafiya, wannan aikin nawa ne."

"Naka ne, Baba."

Ya ja dogon numfashi.

"Auta, kira min babarku. Ki ce in ta samu sarari ta leƙo shago. Yanzu ina iya faɗa mata da bakina."

Na ɗauki waya na danna lambar Umma, na kara a kunne.

Sai ƙarar ta tashi a bayanmu.

Muka juya gaba ɗaya. Umma ce tsaye a bakin ƙofa, kular abinci a hannu ɗaya, waya na ruri a ɗayan, ko kallonta ba ta yi ba. Baba take kallo.

"Idon wa ne zai ƙarasa tafiya?"